Ɗan Takum: Malamin da ya dawo daga Masar da ijazar hadisi, Katsina ta ɗora shi a kan shari'a



Duk Bakatsine ya san sunayen nan uku da ake jerawa in ana zancen malaman birnin na da: Ɗan Marna, Ɗan Masani da Ɗan Takum. Biyun farko ana ɗan jin labarinsu a bakin dattawa. Na ukun kuwa, in ka tsayar da matashi a hanya ka tambaye shi, abin da zai ce maka shi ne sunan maƙabarta ne. Alhali shi ne ya riga su duka, don tsakanin rasuwarsa da ta Ɗan Masani akwai shekara ɗari da talatin da wani abu.

Na ga ya dace in kawo tarihinsa ne saboda halin da 'ya'yanmu da ƙannenmu suke shiga in sun gama karatu a waje. Mutum ya yi shekara da shekaru a Madina ko Azhar ko Khartum ko Maleshiya, ya rubuta kundin digiri na biyu ko na uku, ya kare shi a gaban malamai, an yi masa tafi, an ɗauki hoto. Ya sauka gida, an yi sati biyu ana zuwa barka da dawowa. Daga nan sai shiru. Sai a fara zaryar Abuja don a tantance takardu, kundin kuma yana cikin akwati, ba wanda ya ce ya kawo a gani. To wannan jarrabawa ta dawowa ba yau ta fara ba. Shekara ɗari biyar da suka wuce wani bawan Allah ya shige ta a wannan gari namu.

Sunansa Muhammad bin Ahmad bin Abi Muhammad at-Tazakhti, ana yi masa laƙabi da Aida Ahmad, ma'ana ɗan Ahmad a harshen mutanensa. Masana tarihi da dama sun tafi a kan cewa shi ne wanda Katsinawa suke kira Ɗan Takum. Wanda ya adana mana labarinsa shi ne Shaikh Ahmad Baba na Timbuktu a littafinsa Nailul Ibtihaj, wanda ya tattara tarihin malaman Malikiyya a ciki. Kuma Ahmad Baba ba daga nesa ya jiyo ba, domin kakansa ne ya karantar da shi.

Asalinsa mutumin Tazakht ne, wani ƙauye kusa da Walata, a ƙasar da yau ake kira Muritaniya. In aka lissafa daga shekarun da ya yi a duniya, an haife shi ne wajejen shekara ta 870 zuwa 875 bayan Hijira. Ka lura da wannan lokaci da kyau. A shekarar 873, wato 1469 Miladiyya, Sunni Ali na Songhai ya ci Timbuktu da yaƙi, malamai da yawa suka tattara iyalansu suka gudu Walata. Cikin waɗanda suka yi wannan hijira har da gidan Aƙit, babban gidan ilimi na Timbuktu. Ka ga ikon Allah: fitinar da ta watsa makarantun wani gari ita ce ta kawo malamai har ƙofar gidan wani yaro a wani garin. A ƙasarsu ya yi karatu a wajen Alhaji Ahmad bin Umar Aƙit, kakan Ahmad Baba, da kuma wajen kawunsa, wani faƙihi salihi mai suna Ali. Shi wannan Alhaji Ahmad ɗin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, don bayan ya dawo daga hajjin da ya yi a 890 ya shiga Kano ya karantar.

Daga nan sai muka gan shi a Takedda, tsohon garin fatauci da ke yammacin Agadas a Nijar ta yau, yana zaune a majalisin Shaikh Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili. Wannan shi ne al-Maghilin da ya zo Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan mulki, ya biyo ta Katsina, ya kuma amsa tambayoyin Askiya Muhammad a Gao. Mutum ne da bai ɗauki fiƙihu a matsayin abin hira a zaure kawai ba, yana son ya gan shi a fada da kasuwa da kotu. Saurayin da ya zauna a gabansa ba zai tashi da tunanin cewa ilimi na ajiyewa ne ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a rayuwarsa shi ne lokacin da ya fita babbar tafiya. Ya tafi gabas ne tare da Alƙali Mahmud bin Umar na Timbuktu, wanda ya yi hajji a shekarar 915, wato 1510. Yi lissafi da kanka: a lokacin Muhammad at-Tazakhti ya kai shekara arba'in, ko ya ɗan haura. Ya riga ya zama malami, ya karanci fiƙihu, ya zauna da al-Maghili. A wannan shekaru, mu nan, da yawa sun fara jin kunyar riƙe littafi a gaban wani. Shi kuwa ya ratsa Sahara, ya je Alƙahira ya durƙusa a matsayin ɗalibi.

Su wa ya tarar? Shaikh as-Suyuɗi ya riga ya rasu tun 911. Amma Shaikhul Islam Zakariyya al-Ansari yana raye, ya tsufa ƙwarai, ya doshi casa'in, idonsa ya tafi, kuma bai daina karantarwa ba. Wannan dattijo shi ne wanda aka ruwaito cewa a zamanin ɗalibtarsa a Azhar yunwa takan sa ya fita da dare ya tsinci ɓawon kankana ya wanke ya ci. Daga baya ya zama babban alƙalin Shafi'iyya na Masar, ya yi kusan shekara ashirin a kan kujerar. Kuma ɗalibin Hafiz Ibn Hajar al-Asƙalani ne kai tsaye. Tsaya ka yi tunani a nan, ɗan uwa. Ma'anar wannan ita ce, tsakanin alƙalin Katsina da mai Fathul Bari da Bulughul Maram, mutum ɗaya ne rak. Littafin da yaranmu suke haddacewa a Islamiyya yau, a garin nan an taɓa samun wanda malaminsa ya zauna a gaban mawallafin.

Bayan Shaikh Zakariyya, ya ɗauki hadisi a wajen Burhanuddin al-Ƙalƙashandi, da Burhanuddin Ibn Abi Sharif, da Abdulhaƙƙ as-Sunbaɗi, har ya ƙulla abota da ɗansa Ahmad. A ɓangaren mazhabarsa ta Malikiyya kuma ya halarci darasin 'yan uwan nan biyu, Shamsuddin da Nasiruddin al-Laƙƙani, waɗanda suna cikin manyan Malikiyyan Masar a lokacin. A Makka ya samu ijaza daga Abul Barakat an-Nuwairi da wasu malamai. Ahmad Baba ya shaide shi da cewa ya dage har ya yi fice, aka riƙa lissafa shi cikin malaman hadisi.

Bari in ɗan tsaya a kan ijazar nan, don wasu suna ɗaukarta kamar takardar halartar taro. A wancan zamani ɗalibi yakan zauna ya saurari malami yana karanta littafi, ko shi ya karanta malamin yana saurare yana gyara masa, baƙi bayan baƙi, wasali bayan wasali. Littafin kuma da hannunsa zai kwafe shi, ko ya biya a kwafa masa, sannan ya gwada kwafinsa da na malamin. In an gama, malamin ya rubuta masa izinin ruwaitowa, ya jero sunayen waɗanda shi ma ya karɓa daga gare su har zuwa mawallafin. Wato ba hatimin makaranta ne yake tsaya maka ba, wani mutum ne mai suna ya sa mutuncinsa ya ce na yarda da wannan. Ɗalibin da ya sha fama da mai duba kundinsa, a dawo masa da babi ɗaya sau huɗu da jan biro, ya ɗan ɗanɗani irin wannan. An kuma yabi Ɗan Takum da kyan rubutun hannu, kuma a zamanin da babu injin buga littafi wannan ba ƙaramin jari ba ne: abin da hannunka ya kwafa shi ne ɗakin karatun da za ka ɗora wa raƙumi ka koma da shi.

Akwai wani abu da ya faru da ɗaya daga cikin malamansa da nake ganin ya kamata a sani. A shekarar 919 aka kawo wa Sarkin Masar, Ƙansuh al-Ghauri, shari'ar wani mutum da wata mata da suka amsa laifin zina. Sarki ya ƙudurta a jefe su. Kafin a zartar, mutumin ya janye iƙirarinsa. Ibn Abi Sharif ya ba da fatawa cewa wanda ya janye iƙirari haddi ya faɗi daga kansa, alƙalai suka tsaya a kan haka. Sarki ya fusata, ya sauke manyan alƙalan mazhabobi huɗu gaba ɗaya, ya cire Ibn Abi Sharif daga shugabancin makarantarsa, sannan ya sa aka rataye mutanen biyu a ƙofar gidan shehin don ya ƙona masa rai. Ibn Iyas, marubucin tarihin Masar na lokacin, ya kawo labarin. Irin mutanen da Ɗan Takum ya karɓi ilimi a hannunsu ke nan. Shekara huɗu bayan haka, a 923, wato 1517, Turkawa Usmaniyawa suka ci Masar, daular ta faɗi.

To, an gama karatu. Saura dawowa.

Abokin tafiyarsa, Alƙali Mahmud, ya koma Timbuktu ya tarar da abin da da yawa daga masu tafiya karatu suke tararwa. Tarikhus Sudan na as-Sa'adi ya ba da labarin cewa wanda ya bar wa riƙon alƙalanci bai sauka ba da ya dawo, shi kuma bai ce uffan ba. Aka ɗauki kusan shekara goma a haka, yana karantarwarsa, har sai da labari ya kai kunnen Askiya Muhammad ya aiko a mayar masa da kujerarsa. Malamin makarantar da ya tafi ƙaro ilimi ya dawo ya tarar an raba darussansa, an ba wani ofishinsa, to ga magabacinsa nan.

Shi kuwa at-Tazakhti bai koma ya zauna a Walata ba, bai kuma zauna Timbuktu inda malamai suka yi yawa ba. Katsina ya zaɓa ya mayar gida. Birnin a lokacin yana tasowa ne: gidan sarautar Korau ya kafu, fatake daga Abzin da ƙasar Wangarawa da Arewacin Afirka suna sauke kaya, sarakuna kuma suna neman malamai ido rufe. Kafin zuwansa, as-Suyuɗi da kansa ya aiko da wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan wannan yanki, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da suna, yana yi musu wasiyya da adalci. Ba kuma zaman lafiya ne zalla ba, don Tarikhus Sudan ya ce Askiya ya kawo wa Katsina yaƙi a ƙarshen 919. Ga mutum daga yamma, harshen gidansu daban, ya zo ya zauna cikin Hausawa a irin wannan lokaci. Sarki ya karrama shi, ya naɗa shi alƙalin gari.

A nan ne nake so mu daɗe kaɗan. Abin da ya yi suna da shi a Masar hadisi ne: ruwaya, isnadi, sanin maruwaita. Abin da Katsina ta miƙo masa kuma shari'a ce. Gari ne na kasuwa, kuma shari'ar garin kasuwa sananniya ce: bashin da aka ci aka musa, jarin da aka ba falke ya dawo ya ce ya hallaka a hanya, baƙon da ya mutu a masauki magadansa suna wata ƙasa, auren da aka ɗaura miji ya bi ayari shekara uku ba labari. Ba wanda zai zo gabanka ya tambayi darajar isnadi. Za a zo ne ana haki ana rantsuwa, kowa yana son a ba shi gaskiya kafin la'asar.

Wani a matsayinsa zai ce wannan ba fannina ba ne. Zai ce mutanen nan ba su san darajar abin da na ɗauko ba. Ina jin irin wannan magana sosai a bakin waɗanda suka dawo, kuma wallahi ba duka ba ne ƙarya, akwai ciwo a ce ka ƙare ƙuruciyarka a kan ilalul hadis ka dawo a ce ka koyar da 'yan aji ɗaya alwala. Amma duba abin da Ɗan Takum ya bari na rubutu. Abin da Ahmad Baba ya ambata masa shi ne ta'aliƙai da bayanan gefe a kan Mukhtasar na Shaikh Khalil. Wanda ya karanci Mukhtasar a zaure ya san shi: littafi ne dunƙulalle, kalma ɗaya tana ɗauke da mas'ala guda, in ba malami ba ka fita. Kuma shi ne madogarar alƙalan Malikiyya, abokin tafiyarsa Alƙali Mahmud ma shi ne ya yaɗa karantar da shi a Timbuktu. Wato mutumin da ya ɗauko isnadi mai tsawo daga Alƙahira da Makka, alƙalaminsa ya ƙare ne a gefen littafin da ake yanke wa mutane hukunci da shi, yana warware wa ɗalibi da alƙali abin da ya cushe. Ni a ganina wannan ba faɗuwa ba ce. Hadisin bai tafi a banza ba, domin alƙalin da ya saba bincikar mai ruwaya kafin ya karɓi magana, ba za a kawo masa shaidar zur ya haɗiye da sauƙi ba.

Na san akwai masu cewa malami na ƙwarai ba ya kusantar fada. Suna da magabata: as-Suyuɗi ya rubuta risala sukutum a kan kada malamai su riƙa zuwa wajen sarakuna, kuma shi da kansa ya janye daga mutane a ƙarshen rayuwarsa. Hadisan da suke tsoratarwa game da kujerar alƙalanci kuwa, malamin hadisi ya fi kowa saninsu. Amma malaminsa Zakariyya, bayan ya yi ta ƙi, daga baya ya karɓa. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa in babu wanda ya cancanta sai kai, to abin ya hau kanka. A Alƙahira in ka ƙi, akwai ɗari a bayanka. A Katsinar wancan lokaci in irinsa ya ƙi, hannun wa za ta faɗa?

Akwai wata siffa da Ahmad Baba bai ɓoye ba. Bayan ya yabe shi da fahimta da zurfin ilimi, ya ce mutum ne mai yawan jayayya. Ina son wannan gaskiyar ta malaman tarihinmu, ba sa mayar da mutum mala'ika. Jayayyar ilimi a majalisin Alƙahira ado ce, da ita ake gane ɗalibi mai kai. Amma wanda ya dawo gida da ita sai ya san inda zai sauke ta. Mun ga matasa sun dawo da ilimi na gaske, wata shida bai cika ba sun ɓata da limamin unguwa, sun ɓata da malamin da ya koya musu baƙi da wasali, har karatun nasu ya rasa mai saurare. Ɗan Takum, da wannan hali nasa, ya zauna a garin da ba nasa ba, sarki ya amince masa, jama'a suka kawo masa rigingimunsu, kuma bayan ya mutu ba su tuna shi da mai gardama ba, waliyyi suka kira shi. Wanda mutane suka yi wa wannan shaida, lalle ya san gardamar da ake yi da littafi a buɗe da wadda ake haɗiyewa.

In kana son ka ga nauyin dawowar tasa, ka ajiye ta kusa da labarin wani ɗan Katsina da ya zo bayansa da shekara ɗari biyu, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi. Shi a nan ƙasar ya yi karatu, ya tafi hajji, ya zauna a Alƙahira, ya yi suna a lissafi da ilimin taurari, ya yi rubuce-rubuce har a nahawu da manɗiƙ. A can ya rasu a 1154, wato 1741, a gidan Shaikh Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, kuma shi ya bar wa wasiyyar littattafansa. Ba na zarginsa, kowa da abin da Allah ya rubuta masa, kuma ya ɗaga sunan garin nan a inda ba a zata ba. Sai dai Katsina ta haifi al-Kashinawi, Masar ta ci moriyarsa. Walata ta haifi at-Tazakhti, Masar ta gyara shi, Katsina ta ci moriya. Haka kuma Shaikh Makhluf al-Bilbali, wanda shi ma ya yi karatu a Walata da Maroko, ya zo ya karantar a Kano da Katsina. Da irin waɗannan baƙi aka aza harsashin da Ɗan Marna da Ɗan Masani suka zo suka yi gini a kai.

Ya rasu a Katsina wajejen shekarar 936 bayan Hijira, wato 1529 zuwa 1530, yana da shekara sittin da 'yan kai. In ka cire shekarun da ya yi a gabas, zamansa a garin nan bai kai shekara ashirin ba. Abokinsa Alƙali Mahmud ya rayu bayansa har 955. Ahmad Baba, wanda ya rubuta tarihinsa, ya rubuta shi ne a Marrakesh, inda sojojin Maroko suka kai shi a ɗaure bayan sun ci Timbuktu, a littafin da ya kammala a 1005. Nan gida kuwa sunan Larabcin ya ɓace daga bakin mutane, na Hausar ya zauna, kuma har yau ana ɗaukar mamatan Katsina a kai su maƙabartar da ake kira da shi.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu Ɗan Takum, ya gafarta masa, da malamansa, da iyayenmu da suke kwance kusa da shi.